A taya firosesa, a bar fawafak

Duk saurayin da ya shigo shagona da takardar kayan da yake so a haɗa masa kwamfuta, tun kafin ya miƙo ta na san yadda aka jera su. A sama akwai firosesa mai harafin K a ƙarshen sunanta, ko wata Ryzen da ya ji ana yabo a YouTube. Ƙasa da ita katin hoto. Sai ram mai fitilu kala-kala. Can a gindin takarda, wani lokaci ma da biro daban, sai ka ga an rubuta: "fawafak, kowanne." Ka tambaye shi me ya sa sai lallai mai K, ya ce obakulok zai yi, wato zai ƙara wa firosesar gudu fiye da yadda kamfani ya saita ta, ya biya kuɗin ƙarama ya ci moriyar babba.

Niyyar ba ta da laifi, ni ma da ita na shigo wannan sana'a. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake raba kuɗin. Takardar nan a juye take. Kayan da ke samanta su ne ya kamata a zaga kasuwa a taya, a sayi na hannu ba tare da jin kunya ba. Wanda ke gindinta kuwa, akwatin da ke karɓar wutar bango ya raba wa sauran kayan, shi ne bai kamata a nemi arahar sa ba ko da wasa, musamman ga mai zama a Kano.

Labarin da samarinmu ke bi gaskiya ne, sai dai ya tsufa. A 1998 kamfanin Intel ya fitar da Celeron 300A, firosesar talaka mai gudun megahaz 300. Gudun nata lissafi ne mai sauƙi: agogon madabod yana bugawa 66, ita kuma tana ninka shi sau huɗu da rabi. Mutane suka gano cewa idan aka ɗora ta a kan madabod irin Abit BH6, aka ɗaga agogon daga 66 zuwa 100, sai ta koma 450 cif, ta zauna lafiya, kafaɗa da kafaɗa da Pentium II 450 wadda kuɗinta ya ninka nata sau da dama. Bayan shekara biyu masu Athlon da Duron na kamfanin AMD suka riƙa ɗaukar fensir na makaranta suna haɗa wasu 'yan layukan da aka yanke a saman firosesar, kulle ya buɗe. A 2007 Core 2 Quad Q6600 ta zo da gigahaz 2.4, kusan kowa ya kai ta 3. Sannan a farkon 2011 aka yi Core i5-2500K, dala 216, gigahaz 3.3, wadda ake kai wa 4.5 da fanka ta kirki kawai. Har yau akwai masu tace fim a titin gidan Zoo da za su ba ka labarin shekarun da ta yi musu tana aiki.

Me ya sa hakan ya yiwu? Saboda a wancan zamani masana'antar kan fitar da firosesa masu kyau fiye da adadin da kasuwar masu tsada za ta iya sha, sai a rage wa wasu gudu a lika musu ƙaramin suna a sayar da araha. Mai wayo yana karɓo abin da aka ɓoye ne kawai. Kamfanonin kuma ba barci suke ba. Tun daga 2011 Intel ta mayar da izinin ƙara gudu haja: sai ka sayi firosesa mai K, kuma sai ka haɗa ta da madabod na sama, wanda a yau sunansa ke farawa da Z, kowannensu da ƙarin kuɗinsa. Wato abin da aka fara don gudun tsada ya koma ƙofar tsada. A 2014 sun ɗan yi wa talaka kara da Pentium G3258 ta dala 72, don bikin cikar sunan Pentium shekara 20, amma wannan kyauta ce ta rana ɗaya.

Babban canjin ma ba wannan ba ne. Firosesar yau da kanta take ƙara wa kanta gudu. Tana duba zafinta da wutar da take samu sau da yawa a cikin daƙiƙa, ta hau iya inda za ta iya, ta sauko idan ta ji wuya. Ryzen 5 3600 ta 2019, wadda aka fitar a dala 199, an rubuta mata 3.6, amma ba tare da ka taɓa komai ba tana hawa har 4.2. Idan ka kwana kana gwaji, abin da za ka ƙara a kai bai taka kara ya karya ba. Akwai wani kamfani a Amurka, Silicon Lottery, da sana'arsa ita ce sayen firosesa da yawa, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya ware waɗanda suka fi jure gudu ya sayar da tsada. A ƙarshen Oktoban 2021 ya rufe, kuma cikin dalilan da ya bayar har da cewa ratar da ake samu ta ƙanƙance. A shekarar ce kuma Intel ta daina sayar da inshorar da take yi wa masu ƙara gudu. Har ma ta kai kamfanin da kansa ya wuce gona da iri: a 2024 Intel ta amsa cewa wasu firosesocinta na zubi na 13 da na 14 suna neman wutar da ta fi ƙarfinsu har suna lalacewa, ta ƙara musu garantin shekara biyu. Idan masu ƙera abu sun riga sun matse shi har ya fara kuka, me ya rage wa ɗan Kurna da ke son ƙara matsawa?

Sai kuma abin da masu bidiyon ƙasashen waje ba za su faɗa maka ba, don bai dame su ba. Zafin da firosesa ke fitarwa yana tafiya da gudunta, amma da ƙarfin wutar da ake ba ta ya fi tafiya, domin shi ninki biyu yake shiga lissafi. Ka ɗaga wutar daga bolt 1.2 zuwa 1.35, ka ƙara gudu kashi 10 cikin ɗari, zafin zai ƙaru da kusan kashi 40. Wanda ya yi gwajin da kake kallo yana zaune ne a ɗaki mai sanyin digiri 21 ko 22. Kai kuma a watan Afrilu kana ɗaki mai rufin kwano, waje ya haura 40, fankar sama ta tsaya tun da aka ɗauke wuta. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take turawa. Duk digirin da ɗakinka ya fi nasa, kai tsaye yake hawa kan firosesarka. Wadda ta nuna masa 78 za ta nuna maka 95 ko fiye, kuma a nan ne Ryzen ke fara rage gudu don ceton ranta. Ka biya kuɗin ƙarin gudu, ka tashi da ƙasa da na wanda bai taɓa komai ba. Hunturu ya zo da sanyi, ka ce an huta, sai ƙura ta shiga tsakanin siraran ƙarafan sanyaya ta toshe su. Na sha buɗe akwati a watan Fabrairu in ɓamɓaro ƙura daga gaban fanka a dunƙule, kamar an shimfiɗa bargo.

Kuɗin wuta ma lissafi ne. A Afrilun 2024 aka kai farashin 'yan rukunin A naira 225 kowane yunit. A wancan farashin, ƙarin wat 100 na awa takwas a rana ya kama naira 180, a wata ya haura dubu biyar. Mai sola kuma batirinsa ne zai gaya masa da ƙarfe biyun dare.

To ina arahar take? Tana wajen firosesa ta hannu. A duk kayan cikin kwamfuta ita ce ta fi wuyar mutuwa: ba ta da abin da ke juyawa, ba ta da abin da ke bushewa, in ta tashi ta yi aiki, yawanci za ta ci gaba da yi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, sabuwar firosesa a kwali ta zama ta masu hali, kuma ban ga dalilin da ɗalibi zai yi bashi a kanta ba. Ni in aka bar mini zaɓi, gidan AM4 na AMD nake nufa. Soket ɗaya ne tun Ryzen ta farko a 2017, kuma har 2024 ana fitar masa da sababbin firosesa, don haka kayansa sun cika duniya, na hannu kuma suna ta gangarowa. Ryzen in ban da 'yan kaɗan, kamar 5800X3D, duk a buɗe suke, ba a biyan kuɗin wani harafi. Madabod na tsakiya, B450 ko B550, ya isa a yi wasa da gudu. A320 da A520 ne ba sa bari, kuma su ne waɗanda za a fi tura maka saboda araha, don haka a karanta abin da ke rubuce a jikin allon, kada a tsaya ga abin da ke bakin mai shago.

Idan za ka sayi Ryzen ta hannu, juya ta ka ɗaga ta saitin haske, ka bi layukan 'yan ƙafafunta da ido. Ɗaya ta lanƙwashe, za ka ga haske ya karye a wurin. A Intel ƙafafun suna cikin soket ɗin madabod ne, can za ka haska da fitilar waya. A madabod kuma ka dubi gefen soket, inda ƙananan na'urorin da ke tace wa firosesa wuta suke jere. In ba su da ƙarfen sanyaya a kansu, ko allon ya yi duhu-duhu a wurin kamar an gasa, ajiye shi. Ka kuma tambaya ko an sabunta BIOS, domin B450 na farko ba ya gane Ryzen 5000 sai an yi masa hakan, kuma ba daɗi ka isa gida ka kunna ka ga allo baƙi.

Akwai tarko biyu da ke cin kuɗin yara. Na farko tsofaffin kwamfutocin ofis, irin su Dell OptiPlex da takwarorinsu na HP, da ake jibgewa a kasuwa. Injina ne nagari, na sayar da su ga makarantu da masu shagon buga takardu ba adadi, amma BIOS ɗinsu a kulle yake, kuma da yawansu mahaɗin wutarsu na gidansu ne, ba ya karɓar fawafak na gama-gari. Wanda ya saya don ƙara gudu ya sayi abin da ba zai yi ba. Na biyu haɗin Xeon da madabod X79 ko X99 da ake gani a AliExpress. Ƙwaƙwalwa goma sha biyu a kuɗin da bai kai na waya ba, wa zai ƙi? Sai dai yawancin waɗannan Xeon ɗin a kulle suke, tsofaffin injinan ma'ajiyar bayanai ne da aka yi wa ritaya, allunan kuma sau da yawa da tsofaffin sassa aka harhaɗa su. Ga mai tace bidiyo da ya san abin da ya saya, suna iya biyan buƙata. Ga mai neman gudu, babu. A ƙara da cewa Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar Intel da ta gaza zubi na 8. Wannan ya fitar da 2500K mai tarihi, har da i7-7700K da wasu ke riƙe wa farashi kamar gwal.

Ƙarin gudun da ya fi kowanne araha kuwa yana cikin ram, kuma rabin kwamfutocin da ake kawo mini ba a kunna shi ba. Mutum ya sayi DDR4 da aka rubuta wa 3200, ya soka, ya yi shekara yana aiki da shi a 2133, domin haka yake tashi in ba a shiga BIOS an kunna XMP ba. Latsawa ɗaya ce. Sanda biyu masu giga 8 kuma sun fi sanda ɗaya mai 16, don hanya biyu suke buɗe wa firosesa. Fitilun jikinsa ba sa ƙara komai sai kuɗi, ga shi tun ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabi a duniya saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun rufa a kansa.

Katin hoto shi ne inda ake taya da ido a buɗe. A Satumbar 2022 Ethereum ta daina amfani da katin hoto wajen haƙo kuɗin intanet, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka malalo kasuwannin duniya, musamman RX 580. Ba duka ne matattu ba, wasu ma an fi kula da su fiye da na 'yan wasan gem, amma fankarsu ta gaji, man da ke tsakanin guntun da ƙarfen sanyaya ya bushe. Sannan akwai mai suna RX 580 2048SP, wanda aka yi don kasuwar Chaina: na ainihi yana da 'yan ma'aikata 2,304 a cikinsa, wannan kuwa 2,048, daidai da RX 570. Akwai kuma na jabu tsantsa, tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti.

Shi ya sa ba na zuwa sayayya sai da filashi a aljihu, mai ɗauke da CPU-Z da GPU-Z da HWiNFO. Kwanakin baya na raka wani ƙanen abokina wani shago, aka fito mana da kati fes, an goge shi har yana ƙyalli.

"Alhaji, a taimaka a soka mana shi mu gani," na ce.

"Haba Malam, kayan Landan ne, jiya aka sauke. Ka ga ko ƙura babu."

"Na gani, ranka ya daɗe. Rashin ƙurar ce ma ta sa nake so a kunna."

Ya yi dariya, ya sa yaronsa ya tayar da inji. GPU-Z ya nuna 2,048. Muka bar katin yana aiki minti goma sha biyar, zafi ya tsaya inda ya dace, hoto bai yi ɗigo-ɗigo ba, fanka ɗaya tana ɗan gurnani. Na ce wa Alhaji kati lafiya lau, amma 570 ne da rigar 580, a yi mana kuɗin 570, a cire na fanka. Ya ce albarka. Muka yi kamar za mu tafi, ya ce mu kawo, Allah ya sa a amfana. Ban ɗauke shi macuci ba. Shi ma yadda aka sayar masa a kwali ke nan, abin da ke rubuce a jiki ya karanta. Yawancin 'yan kasuwarmu, daga titin Beirut da Fam Santa har Banex a Abuja da Kwamfuta Bilej a Ikeja, ba sa ƙin gwaji in ka zo da ladabi kuma ka san abin da kake dubawa. Wanda ya ƙi a kunna, ya riga ya ba ka amsa.

Yanzu fawafak. Duk kayan da na lissafa, in suka mutu yawanci su kaɗai suke mutuwa. Fawafak kuwa in zai tafi yana iya jan madabod da kati da ma'ajiyar bayanai su tafi tare, da aikin bidiyon biki uku da ba a miƙa wa masu shi ba. Kuma shi ne ke gaba-gaba wajen karɓar duk abin da wutarmu ta zo da shi: ta yi ƙasa har fitila ta koma ja, ta dawo da ƙarfi, a sauya zuwa janareta, janareta ya yi tari. Mai ƙara gudu kuwa yana neman tsayayyar wuta fiye da kowa, don ɗan rawar da kwamfutar ofis za ta shanye, shi allonsa zai yi shuɗi, ya zauna yana zargin firosesa.

Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali ba ita ce abin dubawa ba. Juya akwatin ka karanta jadawalin da ke gefensa, ka nemi layin bolt 12, domin daga nan firosesa da katin hoto ke sha. Ka ninka amfiya da 12. In an ce wat 600 ne amma layin ya nuna amfiya 20, wat 240 ke hannunka, sauran duk ado ne. Nagari kusan duk ƙarfinsa a wannan layin yake. Ɗaga shi kuma ka ji: mai kyau yana da nauyi, saboda tagulla da ƙarfen da ke ciki, na banza kuwa fayau yake. Tambarin 80 Plus yana nufin aƙalla kashi 80 na wutar da ya ja tana isa ga kayan, ragowar ce ke zama zafi. Alama ce mai kyau, amma ba shaidar inganci ba ce gaba ɗaya, kuma sitika ba ta da wuyar bugawa. Fawafak na hannu ba na saya, ko da sunan babban kamfani ne a jiki, domin kwandensocin ciki suna bushewa da shekaru da zafi, kuma ba a ganin haka daga waje. A sayi sabo, da rasit, da garanti a rubuce, a haɗa shi da sitabilaiza ko UPS. In kuɗin bai kai ba, a sauko da firosesa mataki ɗaya. Bambancin Ryzen 5 5600 da 3600 ba zai hana kowa barci ba.

Bayansa sai fanka. Dogon ƙarfen sanyaya mai bututun tagulla huɗu, irin Hyper 212 ko na Thermalright, ya wadatar, kuma ko na hannu ne babu damuwa, ƙarfe ne ba ya tsufa. Na ruwa mai araha kuwa ina gudunsa: famfo ne a ciki, ranar da ya tsaya ba sallama zai yi ba.

Za a ce mini ai ba kowa ke yi don riba ba, wani sha'awa ce. Na yarda, kuma ina girmama wannan. Yaron da ya kwana yana ɗaga lamba ɗaya-ɗaya, yana kunna Prime95 da MemTest86 yana jiran ya ga ko za ta faɗi, yana koyon abin da ba a koyarwa a aji, kuma irinsu ne ke zama injiniyoyin gobe. Amma mai wannan niyya ya sayi tsohuwar 2500K ko G3258 da madabod ɗinta a kuɗi kaɗan, ya yi ta azabtar da ita, in ta ƙone ya yi dariya. Kada ya yi gwaji da injin da yake cin abinci da shi.

Ga injin aiki, abin da nake yi wa masu zuwa wurina kishiyar abin da suka zo nema ne. Rage wuta nake yi. A katin hoto, da MSI Afterburner, ina sauke bolt kaɗan-kaɗan ina barin gudun inda yake. A Ryzen 5000 akwai Curve Optimizer a cikin BIOS mai yin irin wannan. Zafi ya sauka, fanka ta yi shiru, kuma tunda firosesar da kanta take hawa in ta ji sanyi, sau da yawa sai ta riƙe gudu mai yawa na tsawon lokaci fiye da da. Ba a sayen komai don yin wannan, kuma in lissafin bai zauna ba, abin da zai faru shi ne kwamfutar ta mutu ta sake tashi, ka mayar da lambar baya. Gwajin kuma da azahar nake yin sa, a watan da ake ciki, ƙofar shago a buɗe, ba da dare ba lokacin da gari ya yi sanyi. Wanda zai karɓi kayan hannu ya nemi sharaɗin kwana uku a rubuce a bayan rasit, ya tabbata ɗaya daga cikin kwanakin ya yi wannan gwaji na rana tsaka kafin wa'adin ya cika.